Rijiyar Yaya Mani da Zoben da Ba Mu Zuba Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Usman, wanda mutanen yankinmu suka fi sani da Mani Mai Rijiya. Tun a shekara ta uku nake son in rubuta wani abu a kansa, amma duk lokacin da na sayo takarda sai in yi layi biyu in ninke. Da farko ina cewa karatuna ne bai kai ba, tunda a firamare na tsaya, masu karanta jarida kuwa ba su rasa ido. Daga baya na gane ba nan matsalar take ba. Ba yadda zan faɗi abin da ya sa nake alfahari da shi ba tare da na faɗi abin da ni na aikata ba. Akwai kuma dattawan da za su shigo cikin maganar waɗanda yau suna ƙarƙashin ƙasa, ba su da bakin kare kansu. Na kai wa wani malami wannan damuwa a nan Kaura Namoda, inda nake zaune yanzu, ya ce in dai gaskiya zan faɗa ba don cin mutuncin kowa ba, in rubuta. Duk da haka sai da na ƙara shekara biyu ina juya abin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bana dai na zauna.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, Yaya Mani yana Sakkwato cikin masu ginar rijiyoyin siminti, ya daɗe a can har ya zama shi ake tambaya. Duk wanda ya iya wani abu a wancan lokaci Gusau ya nufa, don ana cewa sabuwar jiha tana neman hannu. Shi kuwa ya wuce gida, ƙauyenmu da ke tsakanin Zurmi da Gurbin Bore. Ya ce ya gaji da shayar da garuruwan mutane alhali matan gidansu suna tonon yashi. Gaskiya ya faɗa. Rijiyoyinmu na ƙasa ne, damina ta rufta su, bazara ta ƙafar da su. Da zafi ya kama, mata sai su ɗauki tuluna su tafi busasshen rafi su haƙa rami su jira ya tsattso, su da shanun Fulanin da ke maƙwabtaka da mu, kowa na kallon kowa.

Sai a shekara ta uku da dawowarsa Allah ya ba mu kaka mai kyau, gari ya yarda a haɗa hannu a yi rijiyar siminti. Aka naɗa Alhaji Bube, ɗan kasuwar hatsi, shugaban aikin, kuma shi ne ya fi kowa bayarwa, wannan ba zan ɓoye ba. Ni aka ba makullin ɗakin kaya saboda na iya rubutun boko. Yaya ne ya zaɓe ni.

Kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya, ya kira ni gindin tsamiyar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ni tun ina yaro an san ni da fargaba. Idan na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta sau biyu, idan aka aike ni kasuwa sai in ta laluben aljihu har in dawo. Kowa na yi mini dariya a kan haka. Ran nan Yaya ya ce, “Labbo, yau tsoronka zai yi rana. Zauna ka gaya mini duk abin da ka iya ɓata wanga aiki, kada ka rage ko guda.” Ban taɓa jin daɗin wata tambaya kamar wannan ba. Na ce igiya na iya tsinkewa. Na ce yashi na iya rufta wa mai gina. Na ce siminti na iya shan danshi ya daskare, kuɗinsa na iya tashi, samari za su tafi cin rani su bar mu, azumi na nan tafe a tsakiyar aiki, ruwan sama na iya yin sammako. Har maciji na ambata. Yana saurare, yana ware su da yatsa: wannan yana da magani tun yau, wannan sai an tanadar masa, wannan kuwa na Allah ne, ba mu da ta cewa. Washegari ya zagaya ya yi wa tsofaffin mata irin wannan tambaya, ya je ruga ya tambayi makiyaya a wane wata tafkuna ke ƙafewa da kuma wanda ke riga wani.

Daga nan ya fitar da tsarinsa, kuma a nan ne aka fara samun saɓani. Ya ce rijiyar da aka gina da kaka maƙaryaciya ce. A lokacin ƙasa tana ƙoshe da ruwan damina, kana yin 'yan gaba kaɗan sai ka tarar da ruwa, ka yi murna ka tsaya. Da bazara ta zo ruwan ya ja ƙasa, sai a bar ka da rami. Amma kuma da kaka ne kawai gari ke da kuɗi da hatsi da samari. Saboda haka ya raba aikin gida biyu. Za a gina yanzu har a kai ruwa, a jera manyan zobban siminti da ke tare bangon rijiya kada ya rufta. Sannan a jira ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya kai iyakar gudunsa, a sake shiga a ƙara zurfi gaba biyu, a zura ƙananan zobba shida ta cikin na farko. Tsakanin ƙafewar ruwa da faɗuwar ruwan shuka bai fi mako uku ba, kuma da an yi ruwan shuka ba wanda zai kalli rijiya, kowa gona zai nufa. Duk abin da za a buƙata a wannan mako ukun, in ji shi, dole ya kasance a ajiye tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka aka yi. Ya sa aka sayo siminti buhu arba'in daga Kaura gaba ɗaya, kafin masu ginin rani su tayar da farashinsa. Ya sa aka kwaso yashi da tsakuwa na aikin duka tun masu jakuna ba su watse ba. Kowane gida ya kawo damin gero, aka ware na abincin masu aikin bazara daban. Ya zaɓi mutum shida suka yi alkawari a gaban liman cewa ba za su tafi cin rani ba, gari kuma ya ɗauki nauyin sharar gonakinsu. Ya matsa aka gama kashin farko na aikin kafin a ga watan azumi, don ya ce ba zai tura mai azumi cikin rami ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ƙarfen da ake zuba ƙananan zobba a ciki na wani mutum ne a Shinkafi, kuma ya riga ya yi wa wasu alkawarinsa har bayan babbar sallah. Dole buhu goma sha biyu suka zauna a ɗakin kaya bisa katakai suna jira, makulli kuwa yana rataye a wuyana.

Yau idan na bi ta wasu unguwanni a nan Kaura, nakan ga famfunan burtsatse da tankinsu a sama da allon hasken rana. An yi musu fenti, an yi taro an buɗe. Wasu suna aiki, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Wasu kuwa awaki ne ke kwana a inuwarsu, don wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma ba wanda ya yi tunanin ranar lalacewarsa. Nakan tsaya in ce da Yaya na nan me zai ce. Ba na jin zai kushe injin, shi mutum ne mai son sabon abu. Ina ganin tambaya zai yi, irin tasa mai sa mutum ya sosa ƙeya: a wane wata aka haƙa, wa ke da alhakin gyara, me aka ajiye don ranar da zai tsaya. Idan aka ce ba a ajiye komai ba, sai ya ce to ba a gama ba tukuna, biki kawai aka yi.

Rijiyarmu ta cika da ruwa garai-garai a cikin azumin nan, mata suna guɗa. Ga idon kowa aiki ya ƙare. Aka fara cewa Mani ya cika tsawwalawa, wasu ma suka ce yana shirin tsautsayi kamar wanda bai yarda da ƙaddara ba. Da maganar ta kai kunnensa sai ya ce Allah ke ba da ruwa, amma bai taɓa ganin wanda ya je rijiya ba guga don tawakkali ba. Ya bar ta nan. Bayan ƙaramar sallah ya tafi wajen Shinkafi yin wata rijiya, don ya samu na abinci kuma ya kasance kusa da mai ƙarfen nan kada wani ya riga mu.

Wannan ne daidai lokacin da shari'a ta fara aiki a jiharmu. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane yadda zukata suka motsa ba. Mutanen da ba a saba gani a sahu ba suka fara zuwa, masallacinmu ya yi kaɗan, ana sallah a waje cikin turɓaya. Aka kuma aiko cewa masu wa'azi za su zo garinmu. Wata rana da hantsi Alhaji Bube ya zo da dattawa biyu ya same ni ina gyaran darni. Ya ce gari ya yanke shawarar a ɗebi simintin da ya saura a yi daɓen harabar masallaci kafin baƙi su zo. Na ce Yaya ya ce kada a taɓa. Ya yi murmushi ya dubi dattawan ya ce, “Kun ji ko? Rijiya ta bayar, guga ya hana. Labbo, ɗakin Allah za ka hana wa siminti, a irin wanga lokaci?” Na ce a jira ya dawo. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, “Wa ma ya sani ko sha biyun har yanzu sha biyu ne.”

Wannan kalma ce ta kayar da ni. A kwanakin nan ba hirar da ake yi a kasuwa da majalisa kamar ta hukuncin ɓarawo. Na ce su zo su ƙirga da idonsu. Na buɗe ɗakin don in wanke kaina da ɗan'uwana, suka ƙirga, sha biyu cif. Amma ƙofar da ta buɗe a gaban dattawa uku, ƙaramin mutum irina ba ya iya rufe ta. Alhaji ya daddafa kafaɗata ya ce ya san ni mai amana ne, ya kira masu ɗauka. Ina tsaye riƙe da makulli aka fita da buhu bakwai. Ban ce a ɗauka ba, ban kuma ce a ajiye ba. Ba na zargin Alhaji Bube, Allah ya jiƙansa. Ya ga rijiya cike da ruwa, ya ga Musulmi suna sujada a cikin ƙasa, ya yi abin da yake ganin lada ne.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ranar kasuwar Shinkafi na hau motar 'yan hatsi na je na same shi a bakin ramin da yake gina, jikinsa duk jar ƙasa. Na faɗa masa komai, ina jiran faɗa. Ya goge hannunsa ya ce, “Nawa sunka rage?” Na ce biyar. Ya ce, “To koma ka kulle biyar ɗin. Ka ci wani abu?” Ya saya mini fura, ya koma cikin raminsa. Na dawo gida da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi, don na san lissafin: kowane zobe buhu biyu yake ci. Biyar ba za su ba mu fiye da zobe biyu ba, gari kuma ba shi da kuɗin sayen ƙari sai wata kakar.

Bayan babbar sallah ya iso da ƙarfen a kan amalanke. Ruwan rijiya ya fara ja, amma har yanzu ana ɗiba. Ya ce yanzu ne lokacin zuba zobba, tun da sauran ruwan da za a riƙa yayyafa musu su yi ƙwari. Na buɗe masa ɗaki na sunkuyar da kai. Ya dubi buhunan biyar, ya ce in ɗauko jaki in biyo shi. Muka nufi gidan Inna Tumba, ƙanwar mahaifiyarmu, tsohuwar da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai. Ya ɗage murfin tsohon rumbunta, ya ce in leƙa. Siminti ne buhu shida, an shimfiɗa musu kara, an rufe da tabarma. Inna tana daga bakin ɗaki tana cewa a kwashe su ta huta, wata huɗu tana gadin abin da ba a tuƙa tuwo da shi.

Ashe tun ranar da aka sayo kaya, Yaya ya karɓi rabin ladan aikinsa ya sayi waɗannan buhuna da kuɗinsa, ya kira liman da wani dattijo suka shaida cewa nasa ne, don kada wata rana a ce na gari ya karkatar. Na ce, “Yaya, ke nan ka san zan bayar?” Ya ce, “Ban sani ba. Amma ni na goya ka. Mutumin da ba ya iya duban dattijo ya ce a'a, ba a aza mai ruwan gari duka bisa kai.” Na ce to me ya sa ya ba ni makulli. Ya ce, “Don ba ka sata. Na duba garin nan ban samu wanda ba ya sata kuma ba ya jin tsoro ba, sai na ɗauki wanda ya fi sauƙin tanadi. Kama buhun nan, rana na yi.”

Shida da biyar sha ɗaya. Muka zuba zobe biyar, buhun da ya saura aka bar shi don liƙe tsakaninsu. Muna zubawa mutane na wucewa suna tambayar ko rijiya ta biyu za a yi. Ba a yi wata guda ba guga ya fara fitowa da laka, ran nan kuma ya fito a bushe. Mata suka ɗauko tuluna za su nufi rafi. Da asubar washegari mutanen nan shida suna bakin rijiya, geronsu a dake, igiya sabuwa. Kullum sai Yaya ya fara zura fitila a kunne ya ga ba ta mutu ba kafin ya bar kowa ya shiga, kuma da rana ta ɗaga sai a tashi, saboda zafin cikin rami. Alhaji Bube ya zo a rana ta biyu, ya cire babbar riga ya kama igiya tare da samari. Haka ya yi har aka gama.

A rana ta goma sha ɗaya zobe na biyar ya zauna, ruwa ya taso har ƙugun mai gina. Gari ya yi murna, Fulani suka kawo ƙwaryar nono. Ni na ga Yaya ya daɗe yana kallon ƙasan rijiyar. Da na matsa masa ya ce ruwan ya zo, amma ya so a ƙara nutsawa kaɗan don a zauna a kan babban ido, na shekarar da damina za ta yi gardama. Ba zoben da za a tare bangon da shi, shi kuma ba ya tura mutum ƙarƙashin yashin da ba a tare ba. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan shuka, kowa ya kama gona. Zobe na shida ba a taɓa zuba shi ba. Kakar da ta biyo ba ta yi kyau ba, daga baya kuma ba wanda ya yarda a sake tara kuɗi don rijiyar da ke ba da ruwa.

Har ya bar duniya bai ƙara tayar mini da maganar ba, kuma bai nemi gari ya mayar masa da ko buhu ɗaya ba. Ɗakinsa da yake son ya yi wa daɓe haka ya rasu ya bar shi da ƙasa. Daɓen masallaci kuwa shi da kansa ya yaba, ya ce an iya aiki, a kansa muka yi masa sallah. A tsawon rayuwarsa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, sai dai sau biyu, a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, guga ya riƙa fitowa da rabi. A waɗannan shekarun ni kaɗai na san abin da nake ji idan na ga mata a layi.

Idan na auna abin da ya bari, ba gida ba ne ba gona ba. Ya bar mutanen da suka koyi tambayar me zai iya ɓata aiki tun kafin su fara, biyu daga cikin mutanen nan shida sun zama maginan rijiya. Ni kuwa ya bar mini sanin cewa mai tsara aiki ba kaya da lokaci kawai yake aunawa ba, har da mutanen da ya ba amana, kowa da inda yake karyewa, kuma ana iya yi wa mutum tanadi ba tare da an wulaƙanta shi ba. Ban ƙara ganin wanda ya iya wannan kamarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da aka sha ya zame masa haske.

Yanzu ga roƙona. Shekara shida rabona da ƙauyenmu, tun da zaman can ya gagara muka taso, kuma waɗanda nake tambaya duk sun watse. Amma na san har yanzu akwai masu bin hanyar Zurmi zuwa Gurbin Bore, 'yan acaɓa da makiyaya da masu komawa noma. Rijiyar tana gabas da masallaci mai daɓen siminti a harabarsa, bakinta ya kai ƙugun mutum, da dogon kwamin shayar da dabbobi a gefe. Duk wanda ya leƙa ta a ƙarshen bazara, kafin ruwan shuka, don Allah ya aiko ta hannun wannan jarida ya gaya mini abin da ya gani. Idan da ruwa ina so in sani. Idan kuma ta ƙafe, kada a ji tausayina a ɓoye mini, don buhu biyu ne kawai, kuma na daɗe da ajiye kuɗinsu.